Shin Da Ta Fi Yanzu? Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Jiniyar Kakuri

In ana maganar zamanin da a Arewa, babu hoton da ake saurin ɗaukowa kamar na dalar gyaɗa. Buhuna ne jibge bisa juna sun yi tsini sama, 'yan dako na hawa da buhu a ka, jirgin ƙasa na jira daga gefe. An buga shi a kan sarki, an sa shi a kalanda da littattafan makaranta, kuma da wuya a nuna shi a majalisa ba ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya jiƙan maza, lokacin da ƙasa take ƙasa. Yawancin masu wannan addu'a ba su taɓa ganin dalar da idonsu ba. Fiye da rabin 'yan Najeriya a yau ba su kai shekara 20 ba, dalar kuwa ta ɓace tun iyayen wasunsu na goye.

Hoton ba ƙarya ba ne. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da ke juya arzikin ƙasar Hausa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne attajirin da aka fi dangantawa da wannan salo na jera buhuna, kuma dala guda takan ci buhu kusan 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal, an yi su a Malam Madori da sauran garuruwan da ke bakin layi. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da gyaɗa zuwa kasuwar duniya.

Sai dai akwai abin da hoton bai ɗauko ba. Dalar ma'aji ce, kuma tana tsawo ne saboda jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin zuwa Legas a kan kari, har wata gyaɗar ta kwana shekara a ƙarƙashin tamfol ƙwari na ci. Wanda ya noma ta kuma ba shi ke yanka mata farashi ba. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yankawa, daga 1954 kuma hukumar ciniki ta Jihar Arewa, kuma a shekaru da dama abin da ake ba manomi bai kai abin da ake sayarwa a Turai ba. Tsakaninsa da hukumar ga 'yan baranda, ga masu sikeli, kowa na gutsurar nasa. Rarar da ta taru ita gwamnati ta zuba a hanyoyi da makarantu da masana'antu. A ganina an yi wa wannan kuɗi riƙon da ya fi wanda aka yi wa kuɗin man fetur daga baya, nesa ba kusa ba. Amma kuɗin daga aljihun manomi ya fito, kuma sau da yawa ɗansa bai taka ƙofar makarantar da gyaɗarsa ta gina ba. A 1957 ɗaliban sakandare a duk faɗin Jihar Arewa ba su kai 4,000 ba.

Fari na 1972 zuwa 1974 ya karya gyaɗa, wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta ƙarasa ta a 1975, kuɗin mai kuma ya sa gwamnati ta daina waiwayar gona. Da haka dala ta tafi.

Shekarun da naira ke da kwarjini

Idan ka tsananta tambayar dattijon da ke yabon da, ka ce Baba wace shekara kake nufi, yawanci za ka tarar ba zamanin gyaɗa yake nufi ba. Yana nufin 'yan shekarun da ke tsakanin ƙarshen yaƙin basasa a 1970 da tsuke bakin aljihun da gwamnatin Shagari ta yi a 1982. Abin da yake faɗa game da su kuwa gaskiya ne, bai kamata matasa su riƙa yi masa kallon mai ƙarin gishiri ba.

An fito da naira ranar 1 ga Janairu 1973, kuma a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi. Litar fetur kwabo 15 da ɗoriya ce a 1978, kwabo 20 a 1982. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, malamin makaranta ya wayi gari da kuɗin sayen babur a hannu. A wannan shekarar kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, 504 ta zama motar da ma'aikacin gwamnati ke iya mallaka da rancen ofis. A 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. Ɗalibin kwalejin horon malamai ana ciyar da shi, a ba shi littafi da sabulu da kuɗin mota, kuma kafin ya karɓi sakamako aiki na jiran sa. Wanda ya rayu cikin wannan, yau kuma yake sayen litar fetur da kuɗin da a da ya isa sayen babur, yana kallon dala ta haura naira 1,500 a 2024, in ya ce da ta fi yanzu ba ruɗewar tsufa ba ce. Lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Abin lura shi ne gajartar wannan lokaci da ƙarancin waɗanda suka ci moriyarsa. Shekara goma sha biyu ce, kuma ta tsaya ne a kan farashin ɗanyen mai. Wanda ba ya cin albashi bai ga Udoji ba, tsadar da ta biyo baya kawai ya gani, domin a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ɗaliban ma ba su ɗauki zamanin nasu aljanna ba: a Afrilun 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin jami'a, suka fito zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi Ahmadu Ali, aka harbe wasu a Samarun Zariya da Legas. Zuwa 1984 kuwa layi ake bi a samu madara da sukari da sabulu, soja na tsaye da bulala.

Shekarar 1980 ita kaɗai ta isa misali. A shekarar da naira ta kai ƙololuwar darajarta, a watan Afrilu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. A Disamba kuma rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki cikin birnin Kano, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun mutu. Da yawa daga mabiyansa samarin ƙauye ne da suka kwararo birni, suna kallon arzikin mai na wucewa ta gabansu.

Da ta mutumin ƙauye

Mafi yawan Hausawa a wancan zamani a ƙauye suke, kuma tasu da daban take. Yunwa sukan yi amfani da ita wajen ƙidayar shekaru, har kowacce tana da suna. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai 'Yar Gusau ta 1942. A 1973 shanu sun yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi daga Daura har Agadas, kuma zargin karkatar da abincin agaji na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da shugaban Nijar Diori Hamani a Afrilun 1974. Ta 1984 kuwa mutanen Nijar suka raɗa mata El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, hatsin da aka saba shigowa da shi daga Kano da Katsina ya yanke.

Ga kuma haraji. Duk baligi namiji yana da kuɗin da zai biya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma da kaka ake karɓa, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Sai mutum ya sayar da dame da arha ya biya, ya dawo da bazara ya sayi hatsin da tsada ko ya ci bashi. Wanda ya gaza akan shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko a sayar da akuyarsa a gabansa. Da yawa sun tafi cin rani ne ba don sha'awa ba, sai don neman kuɗin haraji. Bafulatani kuma jangali yake biya bisa kan kowace saniya, shi ya sa lokacin ƙirga yakan zama lokacin ɓuya a daji. A 1942 zuwa 1944 Turawa sun sa an ɗebi dubban talakawa ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa.

Da zamanin En'e adalci ne zalla, da ba a kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950 ba, da Malam Aminu Kano bai samu mabiyan da ya samu ba, da Hajiya Gambo Sawaba ba ta shiga kurkuku sau 16 ba. Tsofaffin 'yan NEPU da suka rage ba sa yabon da yadda wasu ke yabonta, domin sun san hannun ɗan doka da kotun alƙalin da ke yanke hukunci kafin a karanta ƙara. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murnar da har yau ake ba da labarinta.

Inda na fi jin nauyin maganar shi ne wajen yara da mata. A farkon shekarun 1960, kusan ɗaya cikin kowane yara uku da aka haifa a Najeriya ba ya kai shekara biyar. Yau abin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin tara ko goma, wanda har yanzu abin kunya ne, kuma ya fi muni a Arewa maso Yamma, amma tazarar rayuka ne na miliyoyin yara. Ka tambayi kowace tsohuwa 'ya'ya nawa ta haifa, amsa biyu za ta ba ka: waɗanda ta haifa da waɗanda suka tsaya. Ƙyanda kan shiga unguwa ta fita da yara goma. Agana ta makantar da wasu, ta bar wa wasu zane a fuska, sai da 'yan lamba suka bi gari gari daga 1967 kafin a rabu da ita, aka kuma shelanta kawar da ita daga duniya a 1980. Kurkunu kan kwantar da magidanci daidai lokacin noma: a 1988 an ƙirga masu ɗauke da shi sama da 650,000 a Najeriya, a 2013 aka tabbatar babu sauransa. Shan inna da ta gurgunta yara da yawa a Kano da Katsina, a Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da nau'inta na daji daga Afirka. Mace kuma takan kwana uku tana naƙuda a ɗaki, babu mota babu waya, in ta tsira da rai wani lokaci ta tsira da yoyon fitsari. Waɗannan ba sa cikin hirar da, domin wanda bai rayu ba ba ya zuwa majalisa ya ba da nasa labarin.

Hausawa sun riga sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ga kuma wani abu da ke cakuɗe da begen: mai yabon 1975 a lokacin yana da shekara 25, gwiwarsa ƙalau, iyayensa na raye, abokansa na kusa. Ba laifi ba ne mutum ya yi kewar wannan. Kuka da lalacewar zamani ma ba sabo ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan zamaninsa kan jangali da karɓar gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka, fiye da shekara 200 da suka wuce.

Inda dattawa suka fi mu gaskiya

Duk da haka ba na cikin masu kawo alƙaluman lafiya don su rufe bakin tsofaffi. Akwai abin da aka yi asara, kuma babba ne.

Na farko kwanciyar hankali. Mutum kan tashi daga Gusau da daddare ya bi ta Funtuwa ya shiga Kaduna da asuba, abin da yake tsoro bai wuce barcin direba ba. Hanyar Birnin Gwari hanya ce kamar kowace. Da zafi a waje ake kwana. Ɓarawo akwai shi, amma na akuya ne da na tukunya, in an yi ihu ya ruga. Yau manomi a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, wato harajin da aka soke a 1979 ya dawo a hannun wanda ba ya ba da rasit. An kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, aka kwashe 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Babu alƙalamin da zai gamsar da uwar da ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa cewa yau ta fi jiya.

Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga cewa a ƙuruciyarta, ƙarshen ƙarni na 19, mahara kan faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, dangi su yi ta haɗa kuɗin fansa. Wato zaman lafiyar da iyayenmu suka sani ba haka Allah ya saukar da ƙasar ba. Gina shi aka yi. An yi shi da mai unguwa da ya san duk baƙon da ya kwana a unguwarsa, da burtali da makiyaya da dokar 1965 ta keɓe, da sulhun da ake yi tsakanin manomi da makiyayi tun kafin a zare wuƙa. Da aka bar waɗannan suka zube, aka nome burtali, aka mayar da shari'ar ɓarnar gona hanyar tatsar Bafulatani, aka bar ƙauyuka babu ɗan sanda ko ɗaya, sai ga abin da aka ɗauka ya wuce ya dawo, wannan karon da bindiga da babur.

Na biyu shi ne tabbacin cewa wahala tana da lada. Ɗan talaka da ya samu shiga makaranta a 1970 ya san inda za ta kai shi. Yau hanyar shiga ta faɗaɗa ƙwarai, jami'o'i sun cika kowace jiha, amma mai digiri na tuƙa A Daidaita Sahu, kuma ƙanensa na kallo yana tambayar amfanin boko. Mutanen Najeriya kusan miliyan 45 ne a 1960, yau sun haura miliyan 200. Ajin da aka gina don yara 40 yanzu yana ɗaukar sama da 100, famfon da aka ja wa unguwa ɗaya yanzu unguwa goma ke jiran sa.

Wannan ne ya sa ba na son a tattara maganar a ce zamani ne ya lalace, ko mutanen yanzu ne ba su da tsoron Allah, a shafa fatiha a tashi. Faɗin haka yana wanke waɗanda suka yanke shawarwarin da suka kawo mu nan. Abubuwan da aka rasa kowanne yana da shekarar da ya tafi, yana da takardar da aka sa wa hannu.

Kakuri

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar kudancin birnin Kaduna. A 1957 gwamnatin Sardauna, tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, domin audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ta daina tafiya Ingila ta dawo mana a matsayin atamfa. Nortex ta biyo baya, sai UNTL a 1964, sai Arewa Textiles. Jiniya ce agogon unguwar. In ta yi kuka a canjin aiki, titi kan cika da kekuna, masu fita na gamuwa da masu shiga, masu abinci da masu shayi na jiran su a bakin ƙofa. Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe a kan inji ɗaya suke, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, gidan haya ɗaya. A Kano ma haka Bompai da Sharaɗa da Challawa suke. A shekarun 1980 masaƙu su ne suka fi kowace masana'anta ɗaukar ma'aikata a ƙasar, kuma kowane albashi guda yana ciyar da gida a birni, yana aika wani abu ƙauye, yana riƙe da manomin auduga.

Rushewarsu a hankali ta zo, kuma ana kallo. Shirin gyaran tattalin arziki na Babangida a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi. A shekarar aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona ba tare da an kafa abin da zai maye gurbinsu wajen iri da tantance auduga ba. Wutar lantarki ta zama sai an gani, masaƙu suka koma kan janareta da baƙin mai mai tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kuma ko da aka sake hanawa, kayan Sin sun ci gaba da kwararowa ta Kwatano da Maraɗi har Kantin Kwari, wani lokaci ɗauke da zane da tambarin masaƙun gida. Injinan da aka kafa tun zamanin Sardauna kuma ba a sabunta su ba. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe ƙofa, UNTL ta tsaya a 2007.

Masaƙar ta farko mallakar jihohin Arewa 19 ce. Ma'aikatanta sun shafe shekaru suna zarya da kwalaye a hannu duk lokacin da gwamnoni suka taru a Kaduna, suna neman haƙƙinsu na sallama. An kafa kwamitoci, an yi alƙawarin farfaɗowa fiye da sau ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun rasu suna jira, matansu da 'ya'yansu suka karɓi kwalayen suka ci gaba da zuwa.